Jariri ya zo da karkataccen baya: me ya faru a makonnin farko na ciki?

Idan aka haifi yaro aka ga bayansa a karkace, ko ƙirjinsa ya zo gajere da haƙarƙari a manne da juna, kafin ranar suna an gama shari'ar a tsakar gida. Wata ta ce ai maijegon ba ta jin magana, da tsohon ciki take fita da magariba. Wata ta ce kwanciya a gefe ɗaya ce ta danne yaron. Wani ya ɗora wa ungozoma, wai ta ja da ƙarfi. Akwai ma mai rantsuwa cewa ta taɓa yi wa mai ƙusumbi dariya. Ita kuwa maijego tana ɗaki tana ta tuna abin da ta yi a wata na bakwai da na takwas, tana neman inda ta kuskure.

To yaushe ake tsara ƙashin bayan mutum, kuma me ke tsara shi? Masu nazarin halittar ɗan tayi sun daɗe a kan wannan tambaya, kuma abin da suka gano ya rushe yawancin hukuncin tsakar gida. Ana zana ƙashin baya tun ciki bai kai wata biyu ba, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da shi ba.

Lissafin kwanaki

A wurin awo ana ƙirga ciki daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Masu nazarin ɗan tayi kuwa daga ranar da ƙwan mace ya haɗu da maniyyi suke ƙirgawa, tazarar kuma kusan mako biyu ce. Kwanakin da za a ambata a nan na lissafi na biyun ne.

A wajen kwana na 15 ɗan tayi faifai ne shimfiɗaɗɗe, ba kai ba ƙafa. Sai wani zane ya bayyana a tsakiyarsa, ƙwayoyin jiki su riƙa nutsewa ta cikin zanen suna bazuwa a ƙasa, faifan ya koma shimfiɗa uku. Ta sama ita za ta ba da fata da ƙwaƙwalwa da laka. Ta ƙasa ta ba da rufin cikin hanji da huhu da hanta. Ta tsakiya, wadda masana ke kira mesodam, daga ita ƙashi da tsoka da jini da zuciya da ƙoda ke fitowa.

Ita ma ta tsakiyar rabuwa take yi. A tsakiyar tsakiya akwai wata siririyar sanda mai suna notokod, a kanta kuma bututun da zai zama laka. Dama da hagu da su akwai dogayen kunyoyi biyu, kamar kunya biyu da kwari a tsakani. Waɗannan kunyoyi su ne maganarmu. Bayan su akwai sashen da zai zama ƙoda, can gefe kuma sashen da zai ba da zuciya da ƙasusuwan hannu da ƙafa.

A wajen kwana na 20 kunyoyin nan ke fara yankewa zuwa ƙananan curi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daga wajen kai ana gangarowa ƙasa. Sunansu somait, amma ni tubali zan kira su, don da su ake gina baya. Ana samun biyu-biyu har 42 zuwa 44 a kowane gefe, aikin ya ƙare a wajen kwana na 35, wasu na can ƙarshen jela kuma su narke. Kwana na 20 ya yi daidai da makon farko bayan mace ta ga al'ada ba ta zo ba. Ɗan tayin a lokacin bai wuce ƙwayar gero ba, ran da aka ajiye tubalin ƙarshe kuwa ya kai tsawon ƙwayar shinkafa.

Wanda ke son gani da idonsa ba sai ya je ƙasar waje ba. Ƙwan kaza da ya kwana biyu a injin ƙyanƙyasa, in aka huda taga a ɓawonsa aka leƙa da madubin ƙara girma, za a ga wani farin zare kwance a kan gwaiduwa, da ƙananan curi a jere gefe da gefe kamar tsakiyar carbi, wajen goma sha shida zuwa ashirin a kowane gefe. A koma bayan awa uku, za a tarar an ƙara biyu a kowane layi. Tun ƙarni na 17 wani likitan Italiya, Marcello Malpighi, ya zana su. A faranti ma ana ganin sawunsu. Naman karfasa da ke ɓarewa fala-fala idan ta dahu, kowane falle daga tubali ɗaya ya fito.

Wa ke ce wa ƙwayar jiki ta zama kunya?

Kalma biyu ke buƙatar fassara. Ƙwayar gado wani yanki ne na rubutun da mutum ya gada daga uwa da uba, mai ɗauke da umarnin haɗa furotin. Muna da kusan 20,000, kuma kusan kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da dukkansu. Abin da ya bambanta ƙashi da ƙwaƙwalwa shi ne waɗanne aka kunna, waɗanne aka kashe. Hanyar saƙo kuwa ita ce yadda umarnin kunnawa ke isowa: wata ƙwaya ta saki sinadari, ya sauka a ƙofar maƙwabciyarta, a miƙa shi hannu da hannu har cibiyarta. Hanyoyi biyar ne ke riƙe da aikin kunyoyin nan: Wnt, FGF, BMP, Notch, da sinadarin retinoyik da jiki ke haɗawa daga bitamin A. Sunayen ba su da daɗin faɗa, kuma wasunsu daga ƙuda aka samo su. Notch na nufin ɗan gibi, don ƙudan da aka fara ganin matsalar a jikinsa yana da gibi a bakin fiffike.

Labarin ya faro ne daga ɓera mai guntuwar jela. A 1927 wata masaniya da ke aiki a Paris, Nadine Dobrovolskaïa-Zavadskaïa, ta lura da wasu ɓeraye da jelarsu ba ta cika ba. In ɓera ya gaji lahanin daga ɓangare ɗaya, jela ce kawai ke gajarta. In ya gada daga uwa da uba, tun a ciki yake mutuwa, rabin jikinsa na baya bai samu ba. Aka sa wa ƙwayar gadon suna Brachyury, wato gajeriyar jela a harshen Girka, amma sai a 1990 aka iya ware ta. A 1994 aka cire wata ƙwayar gado ta gidan Wnt mai suna Wnt3a daga ɓera, shi ma aka ga gaba ya ginu, baya ya yanke. Daga baya aka fahimci su biyun suna tallafar juna ne. Wnt3a na kunna Brachyury, Brachyury na hana Wnt3a mutuwa, kuma muddin suna wannan zagaye akwai tarin ƙwayoyi a ƙarshen jela da ke ta hayayyafa suna tura jiki baya.

Ƙwayoyin ƙarshen jelar nan suna tsaye ne a mararraba. Kowacce na iya zama laka, tana iya zama kunya. Wannan ya ba masana mamaki, don an daɗe ana koyar da cewa shimfiɗar sama da ta tsakiya sun yi hannun riga tun farko. Gwajin da ya fi burge ni a duk fannin nan shi ne na 1998, wanda Deborah Chapman da Virginia Papaioannou suka yi a Amurka. Sun cire wata ƙwayar gado mai suna Tbx6 daga ɓera. Da suka yanka ɗan tayin suka duba, inda ya kamata a ga bututun laka ɗaya da tubali a dama da hagu, sai suka ga bututu uku a jere. Ƙwayoyin sun je wurin da aka tura su, amma ba a gaya musu aikin da za su yi ba, sai suka koma sana'ar ɗaya ɓangaren. Aikin Tbx6 ke nan, ta kashe Sox2, wadda ke jan ƙwaya zuwa zama laka. Tare da ita akwai Msgn1, wadda Wnt ke kunnawa, ita kuma ta tashi sauran ƙwayoyin gadon da kunya ke buƙata.

Saura tambayar faɗi: me ya sa kunya ta tsaya kusa da tsakiya, ba ta mamaye har gefe ba? BMP ne ke raba wannan gardama. Yana da yawa a gefe, a tsakiya kuwa notokod na sakin wani furotin, Noggin, da ke ɗaure shi. Inda BMP ya yi ƙaranci nan kunya ke samuwa. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike 'yan Japan a ƙarƙashin Yoshiko Takahashi sun juya lamarin a ƙwan kaza. Suka ƙara BMP kusa da tsakiya, tubali ya rikiɗe ya zama naman gefe. Suka dasa Noggin can gefe, tubali ya tsiro inda ba muhallinsa ba.

Agogon da ke cikin nama

Kunya ta samu. Abin da ya rage, kuma shi ne mai wuya, yaya ake yanka ta daidai wa daida, dama da hagu a lokaci ɗaya, ba tare da ma'auni ba?

A 1976 wani masanin halitta, Jonathan Cooke, da wani masanin lissafi, Christopher Zeeman, dukansu a Ingila, suka kawo shawara a takarda. Suka ce dole akwai abu biyu, agogo da ke bugawa a cikin ƙwayoyin, da wata iyaka da ke matsawa baya a hankali. Manomi zai gane wannan nan take. Mai saran shuka yana tafe yana sara da sungumi, tazarar ramukansa kuwa abu biyu ne ke yanke ta, saurin tafiyarsa da saurin saransa. In ya riƙe duka biyun daidai, ramuka su jeru kamar an auna da igiya. In hannunsa ya yi sauri ƙafa ba ta ƙara ba, ramuka su matsu su yi yawa.

Shekara 21 shawarar ta yi ba wanda ya ga agogon. Sai a 1997 Isabel Palmeirim da Olivier Pourquié da abokan aikinsu suka kama shi a ƙwan kaza a Faransa. Dabararsu mai sauƙi ce. Sukan tsaga bayan ɗan tayi gida biyu, su tsayar da rabi nan take, ɗaya rabin su bar shi ya ci gaba na ɗan lokaci, sannan su rina duka biyun don ganin inda wata ƙwayar gado, hairy1, take a kunne. In tazarar rabin awa ce ko awa ɗaya, zanen ɓangarorin biyu ya saɓa. In minti 90 ce, zanen ya dawo iri ɗaya, sai dai an ƙara tubali guda. Rinin yakan taso daga jela ya yi gaba kamar iska ta ratsa gonar gero. Ƙwayoyin ba sa gusawa, kowacce kunnawa take ta kashe a kan layinta.

Kowace dabba da nata bugun. Wani ɗan kifi mai zane da ake yawan gwaji da shi yana ajiye tubali kusan kowane rabin awa, kaza minti 90, ɓera awa biyu, mutum wajen awa biyar.

Me ke bugawa? A dabbobi masu shayarwa zuciyar agogon ita ce wata ƙwayar gado mai suna Hes7, kuma Ryoichiro Kageyama ne ya fi kowa tona ta, lokacin da yake Jami'ar Kyoto. Tana aiki ne kamar dutsen guga na lantarki, wanda in ya yi zafi ya kashe kansa, in ya huce ya sake kamawa. Hes7 na haɗa furotin, furotin ɗin ya taru ya dawo ya kashe Hes7 ɗin da ta haɗa shi. Shi kuma ba ya daɗewa, cikin minti 22 rabinsa ya lalace. Da ya ƙare sai Hes7 ta farka, zagaye ya sake. Mutanen Kageyama sun ɗan taɓa furotin ɗin ya riƙa kai minti 30 maimakon 22. Wannan minti takwas kaɗai ya isa, bayan 'yan bugu agogon ya mutu, ƙashin bayan ɓeran ya cakuɗe. A wani gwajin na 2013 sun rage wasu sassan rubutun Hes7 da ke jawo jinkiri wajen karanta ta, agogon ya ƙara sauri, aka haifi ɓeraye masu gaɓoɓin wuya fiye da bakwai ɗin da aka sani. Hannun mai sungumi ya riga ƙafarsa.

Agogo a ƙwaya ɗaya bai wadatar ba, dubbai ne za su buga tare. Nan Notch ke shigowa. Kowace ƙwaya na da furotin Delta a jikinta wanda ke taɓa Notch na maƙwabciyarta, ta haka suke jin juna, kamar mata masu lugude da kowacce ke sauraren taɓaryar 'yar'uwarta. A kifin da aka lalata wa wannan hanya, tubalan farko kan fito lafiya, sai an yi nisa jerin ya watse. Kowace ƙwaya tana nan tana bugunta, amma sun daina jin juna, kaɗan-kaɗan lugude ya koma hayaniya.

Iyakar da ke ja da baya

Ƙafar mai sungumi kuma ita ce FGF8 da Wnt. A ƙarshen jela kaɗai ake rubuta saƙon FGF8. Yayin da jela ke yin gaba da tsawonta, ƙwayoyin da aka bari a baya suna riƙe da tsohon saƙo da ke ta ruɓewa, don haka na kusa da jela suna da shi da yawa, na nesa ya kusa ƙare musu. Muddin yana da yawa, ƙwaya na zama ɗanya, tana buga agogo ba ta yanke komai ba. Da ya sauka ƙasa da wani mizani, bugun da ya biyo baya sai ya kunna Mesp2, ita ce ke shata inda za a yanka, ta kuma raba tubalin zuwa rabin gaba da rabin baya. Ripply2 ta zo ta share Tbx6 daga wurin don kada a maimaita. A 2001 an jiƙa wani ɗan ƙanƙanin dutse da FGF8 aka ajiye shi a gefen kunya ɗaya a ƙwan kaza, tubalan wannan gefe suka fito ƙanana. Da aka toshe FGF da magani, suka fito manya.

Daga gaba kuma sinadarin retinoyik ne ke tunkarar FGF. Yana da wani aikin da ba a zata ba. A daidai wannan lokaci jiki na aika saƙon bambanta hagu da dama, don zuciya ta karkata hagu, hanta ta zauna dama. Bai kamata wannan saƙo ya shafi baya ba, retinoyik ne ke kare kunyoyin daga gare shi. In babu shi, gefe ɗaya ya riga ɗaya. In kuma ya yi yawa har ya isa jela, ya kashe ƙwayoyin da ke can, jiki ya yanke.

Maciji bai da wata ƙwayar gado ta daban da ta ba shi tsawo. Binciken 2008 a kan wani macijin Amurka mai tubali sama da 300 ya nuna kayan aikin ɗaya ne da na kaza, agogonsa ne ke gudu kusan ninki huɗu idan aka gwada da saurin girman jikinsa.

Daga tubali zuwa ƙashi

Kowane tubali rabuwa yake. Sashen da ke kallon notokod ya zama gaɓar ƙashin baya da haƙarƙari. Na sama ya zama tsoka da naman fatar baya. Tsokar hannu da ƙafa, da ta harshe, da tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki, duk ƙaura suka yi daga nan. Wani abin lura, wanda Robert Remak ya bayyana tun 1855: gaɓa ɗaya ba daga tubali ɗaya take ba. Rabin bayan wannan ne ke haɗuwa da rabin gaban na biye. Tsoka kuwa tana nan a inda take, sai ta zamana ta haɗa gaɓa biyu, shi ya sa baya ke lanƙwasuwa.

Wace gaɓa ce ta wuya, wacce ta ƙirji, wannan aikin ƙwayoyin gado 39 ne da ake kira Hox. Mutum na da gaɓa 33: bakwai a wuya, 12 masu haƙarƙari, biyar a ƙugu, biyar da suka haɗe a ƙashin gindi, sai huɗu na guntuwar jela. Raƙumin dawa da duk tsawon wuyansa bakwai ɗin nan gare shi. A 2003 Deneen Wellik da Mario Capecchi sun cire rukunin Hox10 daga ɓera, haƙarƙari ya tsiro har ƙugu.

Inda lissafin ke ɓacewa a jikin mutum

Kusan jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da karkacewar baya irin wadda ta fito daga ginin gaɓoɓin. Wani rabin gaɓa ce ta samu, ta zauna kamar an soka weji a gefe ɗaya. Wani kuma gaɓa biyu ko uku ne ba su rabu ba a gefe guda, ɗaya gefen na girma wannan na tsaye.

Akwai nau'i mai tsanani amma ba shi da yawa, inda kusan duk gaɓoɓin ke cakuɗewa, haƙarƙari ya manne, gangar jiki ta gajarta. A shekarar 2000 aka gano ƙwayar gado ta farko da ke jawo shi, DLL3, 'yar gidan Delta, a wasu iyalai Larabawan Isra'ila da 'yan Pakistan masu auren zumunci. Daga baya aka ƙara MESP2 a 2004, LFNG a 2006, HES7 a 2008, sai TBX6 da RIPPLY2. Akasarinsu sunayen da muka gani a ɓera ne suka dawo.

Yawancinsu gadonsu irin na sikila ne. Uwa na ɗauke da lahani ɗaya lafiyarta ƙalau, uba ma haka, kowane ciki kuma akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya haɗa biyun. Rabin abin daga uba ya zo, abin da masu shari'ar tsakar gida ba sa sakawa a lissafi.

Nan maganar auren zumunci ke tasowa, kuma ɓangarorin biyu kan wuce gona da iri. Masu suka na magana kamar duk ɗan da 'yan'uwa suka haifa nakasasshe ne, alhali mafi yawansu lafiya lau suke. Masu karewa kuma na cewa kakanninmu sun yi ba abin da ya same su, sun manta ba a ƙirga jariran da suka koma kafin a san dalili. Abin da ke tabbas shi ne, lahanin da ba kasafai ake samunsa ba ya fi saurin haɗuwa da irinsa idan ma'aurata kakansu ɗaya. A ganina gidan da aka taɓa haifar yaro mai irin wannan ƙirji, ballantana biyu, ya kamata a nemi shawarar likita kafin a sake ƙulla wani auren a cikin dangi. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya gano waɗannan, sikila da ƙanjamau da ciwon hanta yake nema.

Ba kullum gado ke zuwa a miƙe haka ba. Wani binciken ƙasar Sin da aka wallafa a 2015 ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na masu karkacewar haihuwa da aka duba sun gaji TBX6 matacciya daga ɓangare ɗaya, da wata mai rauni daga ɗayan, wadda mutane da yawa ke yawo da ita ba ta yi musu komai ba. A 2012 kuma ƙungiyar Sally Dunwoodie a Sidni ta Ostireliya ta ɗauki ɓeraye masu lahani ɗaya a Hes7 ko Mesp2, ta rage wa uwayen iskar oksijin na 'yan awoyi a daidai lokacin yankan tubali. Lahanin baya ya ƙaru sosai, don ƙarancin iskar ya tsayar da saƙon FGF. Gwajin ɓera ne, kada a ɗauke shi a maƙala wa kowace mace, amma ya nuna gado da yanayi kan haɗa hannu.

Abubuwan da aka tabbatar suna da haɗari daga ɓangaren uwa ba su ne ake ambata a tsakar gida ba. Ciwon suga da ba a daidaita ba kafin shigar ciki na ƙara haɗarin lahanin ƙasan baya. Maganin ƙurajen fuska isotretinoin ɗan'uwan retinoyik ne, yana da mugun haɗari ga ɗan tayi. Maganin farfaɗiya valproate na iya hana bututun laka rufewa, sai dai mai shan sa kada ta daina da kanta, ta je likita ya duba canji tun kafin ciki. Folik asid, maikirogiram 400 a rana, bututun laka yake karewa, shi kuma bututun a wajen kwana na 28 yake rufewa. Matar da ta fara awo a wata na biyar ta samu amfanin awo da yawa, amma wannan ƙofar ta riga ta rufe.

Ba kowane doro ne wannan ba

Yaron da aka haifa da miƙaƙƙen baya, daga baya ya fara zazzaɓi da rama da ciwon baya, har wani ƙullutu mai tsini ya fito, a fara zargin tarin fuka da ya ci ƙashi. Yana da magani, jinkiri kuma na iya kai wa ga shanyewar ƙafafu. Karkacewar da ke bayyana lokacin balaga, wadda ta fi tsananta ga 'yan mata, ita ma daban ce, gaɓoɓin sun ginu daidai.

Wanda aka haifa da ita kuwa, hoton ƙashi ne zai nuna irinta. Likita mai lura zai sa a duba ƙoda da zuciya da laka, don maƙwabtan juna ne a makonnin da abin ya faru, kuma sau da yawa matsalar ba ta tsaya a ƙashi kaɗai ba. Wasu yaran bibiya kawai suke buƙata yayin da suke girma, wasu sai tiyata, kuma irin wannan aiki na asibitocin ƙashi ne kamar na Dala a Kano. Madori gwani ne a karaya, amma rabin gaɓa ba karaya ba ce, matsa da ɗauri ba za su cike ta ba.

Tubali a cikin faranti

Kusan duk abin da aka faɗa a sama daga kaza da ɓera da kifi aka koya, don ba a gwaji da ɗan tayin mutum a wannan mataki. Tun rahoton kwamitin Warnock na 1984 a Birtaniya aka kafa ƙa'idar kwana 14, wato kada a raini ɗan tayin mutum a ɗakin gwaji ya wuce lokacin da zanen nan na tsakiya ke bayyana. Tubali kuwa sai kwana na 20.

Hanyar da aka bi ta kewaye ita ce dabarar Shinya Yamanaka, wanda ya samu kyautar Nobel a 2012: a ɗauki ƙwayar fata ko jinin babban mutum a mayar da ita ɗanya, wato yadda za ta iya zama kowace irin ƙwayar jiki. In aka zuba mata maganin da ke kunna Wnt da wanda ke toshe BMP, sai ta zama ƙwayar kunya. A 2020 ƙungiyar Pourquié a Harvard da wata a Kyoto suka ga irin waɗannan ƙwayoyi suna bugawa kowace awa biyar a faranti. Zuwa 2022 an kai ga haɗa 'yan curi da ke miƙewa suna yanke tubali ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan aiki, da wasu da suka fi shi kama da cikakken ɗan tayi, shi ya jawo kanun labaran 2023 masu cewa an ƙirƙiri ɗan tayi ba uwa ba uba. Curin tubalin nan dai ba shi da ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba mabiyiya, ba zai taɓa zama jariri ba. Duk da haka masu ɗari-ɗari suna da hujja, don kullum samfuran ƙara kama da na gaske suke, kuma a 2021 ƙungiyar masu wannan bincike ta duniya ta sassauta matsayinta a kan kwana 14. A wurinmu tambayar za ta haɗu da tattaunawar malamai a kan matsayin ciki kafin busa rai, kuma gara su ji bayanin daga masana da su tsince shi a Facebook.

Masu binciken Kyoto sun yi wani abu da ya koma kan tambayar farko. Sun karɓi ƙwayoyin jikin masu fama da cakuɗewar gaɓoɓin baya, suka mayar da su ɗanyu, suka sa su zama kunya. A na mai lahanin DLL3, ƙwayoyin sun yi ta bugawa amma ba tare ba, a cikin faranti, a ɗakin da zafinsa da iskarsa ke daidai dare da rana. Da suka gyara rubutun ƙwayar gadon, bugun ya haɗu. Gyaran a faranti ya tsaya, bayan da ya riga ya ginu sai dai likitan ƙashi.